Juma'a 31 ga Oktoba 2025, wuni guda ana zancen gidan sarauta

Yau tun biyar da rabi nake a tsaye. Tun da suka ja agogo baya ranar Lahadi garin nan ya rikice min, kafin biyar na yamma duhu ya rufa, ga sanyin Leeds ya fara shiga ƙashi. Yara suna hutun rabin zango shi ya sa ban tashe su ba, na bar musu dankali da ƙwai a kicin na ce wa Abbansu don Allah kar ya bari su wuni a kan waya, na ja jakata sai tashar bas.

A cikin bas na buɗe waya na ga abin da ya faru jiya da daddare, lokacin ni na riga na kwanta. Fadar Buckingham ta fitar da sanarwa cewa Sarki Charles zai raba ƙaninsa Andrew da duk wata sarauta, har sunan yariman da aka haife shi da shi, daga yanzu Andrew Mountbatten Windsor kawai za a riƙa ce masa, kuma zai tattara ya bar katafaren gidan nan na Royal Lodge da ke Windsor mai ɗaki 30 ya koma Sandringham. Duk a kan alaƙarsa da Jeffrey Epstein ne, Ba'amurken nan da aka ɗaure kan lalata da ƙananan 'yan mata, da zargin lalata da marigayiya Virginia Giuffre ta yi masa, shi dai har yau yana musantawa. Wlh sai da na karanta sau biyu. Uwa ɗaya uba ɗaya fa, kuma ɗan da kowa ke cewa Sarauniya ta fi ji da shi.

Ina isa gidan tsofaffin da nake aiki na tarar talabijin ɗin falo ba abin da yake nunawa sai wannan. Tsohuwar nan tawa ta ɗaki na bakwai, wadda ta haura 90, yau ko shayin ba ta bari na gama zubawa ba ta riƙe min hannu ta ce in zauna. Tana da wani kofi mai hoton Sarauniya Elizabeth da take ajiyewa a bakin taga, ba ta shan komai da shi, kuma duk ma'aikaci ya san ba a taɓa shi sai in za a goge ƙura. Ta sha ba ni labarin naɗin 1953, yadda layinsu gaba ɗaya gida ɗaya ne ke da talabijin, suka cika falon maƙil har da na zaune a ƙasa, ita lokacin budurwa ce tana aiki a masaƙa. Yau ma ta maimaita, amma da ta zo ƙarshe sai idonta ya kawo ruwa, ta ce ta gode Allah da uwarsu ba ta ga wannan rana ba. Na tambaye ta to Sarki ya yi daidai ko bai yi ba, ta ce ya yi, ya dai makara ne, kuma da bai yi ba gidan ne gaba ɗaya zai kwana ciki. Abin ya taɓa ni gaskiya, don matar nan wani lokacin sunan jikokinta ma ɓace mata yake, amma ranar 2 ga Yuni 1953 tana nan daram a kanta.

A ɗakin hutu kuma da rana wata duniya ce daban. Akwai wani nas ɗinmu, dattijo ne, shi dama tun tuni ɗan a-rushe-sarauta ne, yana cikin masu goyon bayan ƙungiyar nan Republic masu ɗaga kwalaye ruwan ɗorawa duk inda Sarki ya je, har yau bai huce da kamun da 'yan sanda suka yi wa shugabansu Graham Smith da safiyar ranar naɗin Charles ba, 6 ga Mayu 2023. Yau kamar an ba shi kyauta, sai zuba yake, wai kuɗin da gwamnati ke ware wa fada ya tashi daga fam miliyan 86 zuwa miliyan 132 a bana, ga gyaran fadar Buckingham na miliyan 369, ga Sarki bai biya ko kwabo na harajin gado ba a kan abin da uwarsa ta bar masa alhali talaka in gidan iyayensa ya yi tsada sai ya biya. Duk gaskiya ne abin da ya faɗa, na dai tuna masa cewa kuɗin ana lissafa shi ne daga ribar Crown Estate, wato filaye da kadarorin masarauta, ribar da gaba ɗayanta baitulmali take shiga, kuma ribar ta yi tsalle ne saboda hayar teku da ake ba kamfanonin wutar iska. Ya ce to filayen da tekun na wa ne tun asali in ba na jama'a ba. Nan kam ban da amsa, na yi shiru na ci gaba da cin abincina.

Amma ba maganarsa ce ta tsaya min a rai ba. Wata yarinya ce da muke shifti tare, shekararta 22, haifaffiyar garin nan, duk musun nan da ake tana gefe tana danna waya. Na ce mata ke fa me kika gani, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ko a bar su ko a kore su duk ɗaya, kuɗin hayar ɗakinta ba zai ragu ba. Ba fushi a muryarta, ba raini, kawai abin bai shafe ta ba ne kamar ana ba ta labarin wata ƙasa. Ta ce lokacin da Sarauniya ta rasu a 2022 ta ɗan ji wani iri saboda kakarta ta yi kuka, shi kenan.

Ni a ganina wannan ɗaga kafaɗar ta fi kwalayen nan haɗari ga gidan sarautar nan nesa ba kusa ba. Mai zaginka ai har yanzu yana kallonka. Watan jiya ma an yi ta yaɗa sakamakon binciken da cibiyar NatCen ke yi tun 1983, a wancan lokacin kashi 86 cikin ɗari suka ce sarautar na da muhimmanci, yanzu ya sauko 51, mafi ƙanƙanta tun da aka fara tambayar. In aka ce a zaɓa tsakanin sarki da zaɓaɓɓen shugaba har yanzu masu son sarki sun fi yawa, kusan shida cikin goma, amma cikin matasa abin ya juye, su sun fi karkata ga zaɓe. To ni da nake wanke tsofaffin nan kullum ina canza musu kaya, na san su wane ne masu riƙe da wancan shidan, kuma na san ɗaki nawa ya zama fanko a hawanmu tun farkon shekara, Allah ya sa mu cika da imani.

Abin da na lura da shi a zamana a nan, soyayyar da ake ta magana yawanci ta mutum ɗaya ce, ta Elizabeth, shekara 70 tana kan gado ba wanda ya taɓa jin ra'ayinta a kan siyasa, har kwana biyu kafin rasuwarta tana tsaye da sanda a Balmoral tana karɓar sabuwar firaminista Liz Truss. Ana gadon kujera da kambi amma wannan ba a gadonsa, sai kowa ya nemi nasa. Charles yana ƙoƙari, ga jinyar ciwon daji da aka sanar tun Fabrairun 2024 kuma bai daina fita aiki ba, mutane suna tausaya masa, suna son William da Kate, amma tausayi daban ne da abin da na gani a idon tsohuwar nan da safe.

Bayan na tashi, ina jiran bas na kira Baba a Kaduna, dama duk Juma'a nake kiransa. Ashe ya riga ya ji a rediyo. Tambayar farko da ya yi min ita ce wa ya tuɓe shi, gwamnati ce? Na ce a'a Baba, yayansa ne da kansa, don ya ga jama'a sun fara juya baya, ko ranar Litinin ma a Lichfield wani ya ɗaga murya yana tambayar Sarkin a gaban mutane tun yaushe ya san da zancen Andrew da Epstein. Baba ya yi shiru sannan ya ce ikon Allah, mu nan gwamna ke tuɓe sarki da takarda ɗaya, ya kawo zancen Kano, 2020 a cire 2024 a mayar. Daga nan sai ya koma labarinsa na kullum, hawan daba na 1956 da aka yi wa Sarauniya a Kaduna yana ɗan shekara tara, an ɗora shi a kafaɗa don ya hango, dawaki har ba a ganin ƙarshensu don ƙura. Ya ce min kin san fa har Oktoban 1963 ita ce shugabar ƙasarmu a takarda, aka cire ta kuma gari ya waye lafiya. Na ce haka Barbados ma suka yi a 2021, Charles ɗin ma yana wajen bikin.

Ni dai ba na so a rushe ta, kuma ba don ƙawa ba. Na ga 2022 da idona, firaminista uku cikin shekara ɗaya, ɗaya kwana 49 kacal ta yi, amma ba wanda ya ji tsoron ƙasar za ta kife, akwai kujera ɗaya da ba a yi mata kamfen kuma mai ita ba ya iya hana doka wucewa, rabon da wani mai sarauta ya ƙi sa hannu tun 1708. Wanda ya taso inda komai sai an raba shi gida biyu saboda jam'iyya ya san darajar wannan. Amma in suna so su kai zamanin George, ɗan William jikan Sarki, to dole su buɗe littafin kuɗinsu kowa ya gani, su rage gidaje, su daina jira sai ruwa ya kai wuya kafin su hukunta nasu. Andrew ɗin nan fa har yanzu shi ne na takwas a layin gadon sarauta, cire shi sai majalisa ta yi doka sauran ƙasashe 14 da Charles ke wa sarki su ma sun yarda. A Denmak Sarauniya Margrethe da kanta ta sauka a Janairun 2024 bayan shekara 52 ta miƙa wa ɗanta tana raye, Holan ma haka Beatrix ta yi a 2013, nan kuwa ko zancen ba a so.

Na iso gida bakwai saura, layinmu cike da yaran unguwa cikin kayan dodanni na bikin Halloween suna bin gidaje neman alawa, na wuce su na shiga. Na tarar Abban yara a tebur da littafin jarrabawar zama ɗan ƙasa, tambaya 24 ce a minti 45 kuma saura masa mako biyu, ya kai babin da suka sare kan Charles na farko a 1649 suka yi shekara 11 ba sarki sannan suka kira ɗansa ya dawo. Yana karanto min rantsuwar da ake yi ranar karɓar takarda, ta biyayya ga Sarki Charles da magadansa, sai babbar 'yata da ke kwance a kujera ta ɗago ta ce Abba magadan har da wanda aka kora jiya? Ya ce ta bari ya gama babin tukuna. Na ɗumama miya, ƙafafuna kamar ba nawa ba, gobe ma shiftin safe gare ni kuma na yi wa tsohuwata alkawarin zan taho mata da jarida.