Furosesa na kwali ko na tire, abin da nake faɗa wa kwastoma a shagona

Shagona ƙarami ne a nan Kano, ni da yara biyu, sana'armu haɗa kwamfutar tebur tun daga tushe, mutum ya zo ya faɗi aikin da zai yi da ita mu kuma mu zaɓo masa madabod da ram da furosesa da fawa saflai mu ɗaura masa a kes. Masu editin bidiyon biki ne, masu zanen gini da AutoCAD, masu shagon buga takardu, sai samari 'yan gem da suka fara yawa yanzu. Duk wanda ya zauna a bencin nan muka fara lissafi, da mun iso kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sai na tambaye shi, na kwali kake so ko na tire? Yawanci sai ya kalle ni ya ce Malam mene ne kuma tire.

Toh ga yadda abin yake. Intel da AMD ta hanya biyu suke fitar da kayansu. Akwai wanda suke sawa a kwali mai tambarinsu su liƙe shi, na mai sayen ɗaya kenan irina da irinka. Akwai kuma wanda suke jerawa a wani baƙin tire na roba mai gida-gida kamar tiren ƙwai, wannan na manyan kamfanoni ne irin su HP da Dell da Lenovo masu saye dubbai a lokaci guda, su ba ruwansu da kwali ko fanka tunda suna da nasu. Shi ne ake ce wa OEM. Daga nan dillalai suke samun tire su ɓare shi suna sayarwa ɗai-ɗai, kafin ya iso hannunmu sai ka gan shi a 'yar roba, wani lokacin ma a soso kawai aka naɗe shi aka zagaye da salatef.

Akwai maganar da ke yawo a kasuwa wai na tire rijet ne, wai ragowar da kamfani ya ƙi. Wannan ba gaskiya ba ne ko kaɗan. Ɗauki i5-12400 na Intel, na kwali da na tire abu ɗaya ne, koa shida ne a cikin kowanne, wato sassan da ke yin lissafi, gudu ɗaya, wutar da suke ci ɗaya. Lambar oda ce ta bambanta, na Intel na kwali da BX take farawa na tire kuma da CM, na AMD in na kwali ne za ka ga BOX ko WOF a ƙarshen lambar. Bayan ka ɗaura shi a madabod babu wanda zai iya gane wanne ne.

Mutane suna ganin na tire ya fi sauƙi sai su yi tsalle su ce shi za a sa, sun manta da fanka. i5-12400 na kwali da fankarsa yake zuwa, Laminar RM1, haka Ryzen 5 5600G na AMD da fankar Wraith Stealth yake zuwa, har man da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka an riga an shafa shi daga kamfani, ɗorawa kawai za ka yi. In ka sayi na tire sai ka nemi fanka daban ka nemi man daban, kuma fankar soket LGA1700, wato gurbin da i5-12400 ke zama a madabod, mai kyau ba arha take ba, kana gama lissafi sai ka ga ragin da ka yi murna da shi ya tafi. Amma fa ba kowane na kwali ne yake da fanka ba, na Intel na shekarun nan mai K a ƙarshe irin su i7-13700K babu fanka a kwalinsa, Ryzen 7 5800X ma haka. Sannan mu da muke garin da a watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ga ƙura, mai editin da zai bar kwamfuta tana rendarin tun azahar har dare ni ba na barinsa da ƙaramar fankar kwali, babba nake sa masa. Kaga irin wannan in ya sayi na kwali fankar a durowa za ta ƙare, a nan na tire yana da ma'ana.

Inda abin yake da nauyi shi ne garanti. Na kwali kamfanin da ya ƙera shi ne yake tsaya masa, shekara 3 Intel da AMD duka. Na tire kuwa in ya samu matsala kamfani ce maka zai yi koma wurin wanda ya sayar maka. A ƙasashen da shago ke ba da garantin gaske wannan ba komai ba ne, amma mu nan kun san garantin kasuwarmu, a gwada a gabanka ya kawo wuta, in an yi maka kara a ba ka sati ɗaya. A 2024 ne na ƙara gane muhimmancin abin, lokacin da manyan furosesocin Intel na zubi na 13 da na 14 suka riƙa ba da matsala, gem ya rufe kansa, kwamfuta ta tsaya cak, daga baya Intel ta amsa cewa wuta ce take yi musu yawa tana lalata su a hankali, ta ƙara shekara 2 a kan garantin ya zama 5. Amma a sanarwar nan sai da aka raba, mai na kwali ya tuntuɓi Intel kai tsaye, mai na tire ya koma inda ya saya. Toh wanda ya sayi nasa a naɗe cikin soso ba ko rasit, ina zai koma?

Kar kuma a ɗauka garantin kwali daga Kano abu ne mai sauƙi, sai da rasit, sai lambobin da ke jikin kwalin, sai ka tura kaya ka zauna jira kwamfutarka a ajiye. Kuma gaskiya furosesa ba ya cika mutuwa haka kawai, a shagon nan abin da ya fi zuwa mana a ƙone fawa saflai ne da madabod, saboda wutar NEPA da janareto, wanda wuta ta ƙona ko aka lanƙwasa wa ƙafa kuma garanti ba ya ɗaukarsa.

Ni abin da ya fi damuna da na tire wani abu ne daban, shi ne yadda ake fakewa da sunansa a sayar maka da na hannu a kuɗin sabo. Ya taɓa faruwa da ni kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Wata cibiyar koyar da kwamfuta ce ta ba ni aikin haɗa kwamfuta guda takwas, kuɗinsu a ƙididdige, sai na yi odar Ryzen na tire daga wani dila a Legas da ya rantse min sababbi ne dal. Kaya suka iso, ƙaramin yarona yana buɗewa sai ya ce Oga zo ka ga wani abu. Na ɗauki ɗaya na kai shi bakin ƙofa wurin haske, a gefen murfin ƙarfen nan akwai busasshen mai toka-toka da ya maƙale a lungu inda tsumma ba ya kai wa, saman kuma da ɗan zane-zane na inda fanka ta taɓa zama. Biyu a ciki haka suke, kwanto su aka yi daga wata kwamfutar aka goge. Na uku kuwa ƙafafunsa biyu na kusurwa sun kwanta, don na soket AM4 ƙafafun a jikin furosesa suke, sirara kamar gashi, ba kamar na Intel da suke cikin madabod ba. Na zauna da reza da madubin ƙara girma kusan awa guda ina tayar da su, ya shiga soket ya tashi, amma ramin ram ɗaya ya ƙi gani sam. Na kira dila ya ce a hannunku ya lanƙwashe. Ni na ci asarar, na sayo wasu na sa wa mutane, don su ni suka sani ba shi ba.

Na hannu a karan kansa ba laifi ba ne, ina sayar da shi kuma yana aiki shekara da shekaru, amma a faɗa a ce na hannu ne a yi masa kuɗin na hannu. Akwai ma wanda ya fi wannan muni, na gwajin kamfani da ba a yi shi don sayarwa ba, za ka ga an rubuta Intel Confidential a samansa, in ka buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan furosesa, maimakon sunansa sai ya nuna maka sifili huɗu. Shi ya sa kowane furosesa ya shigo shagon nan, na kwali ko na tire, sai mun ɗaura shi mun duba sunansa a CPU-Z mun bar shi yana aiki mai nauyi muna kallon zafinsa. Na kwali kuma kafin na yanke liƙin sai na haɗa lambar da ke kan kwalin da wadda ke kan furosesan, don kwali ma ana buɗe shi a sake liƙewa.

Tun da dala ta tashi daga 2023 zuwa 2024 ta wuce naira 1,500, kowa ragi yake nema kuma ban ga laifin kowa ba. Yadda nake yi yanzu, in ƙaramin furosesa ne na ofis ko na shagon buga takardu kuma bambancin kuɗin bai fi kuɗin fanka ba, na kwali nake ba da shawara. In babba ne mai tsada irin i7 ko i9 wanda in ya tafi mutum ba zai iya sayen wani a wannan shekarar ba, nan ma na kwali, ina nacewa sosai har wani ya ga kamar riba nake nema. Na tire ina sa shi ne in aikin da yawa ne, ko in dama babbar fanka za mu sa, kuma daga dila biyu kawai nake karɓa waɗanda muka daɗe tare kuma suna karɓar kaya in ya dawo. In na sa wa mutum na tire a rasit nake rubutawa da hannuna cewa na tire ne, da watannin da ni na tsaya masa, in sa hannu. In na kwali ne kuma ina haɗa masa kwalin a leda tare da rasit in ce Alhaji don Allah a sa wannan a durowa, kar a bai wa yara su yi wasa da shi.