Abin da ya hana ni karanta Farawa a matsayin tarihin duniya

Ka buɗe Farawa, littafin farko na Littafi Mai Tsarki, sura ta 1 ka karanta a hankali, kana riƙe da lissafin kwanakin. A kwana na farko an yi haske. A na biyu an shimfiɗa sarari ya raba ruwan sama da ruwan ƙasa. A na uku tudu ya bayyana, ciyayi da itatuwa masu 'ya'ya suka tsiro. Rana da wata da taurari kuwa sai a kwana na huɗu. To amma kafin nan an riga an gaya mana har sau uku cewa an yi maraice, an yi safiya. Maraice faɗuwar rana ce, safiya kuma fitowarta. Me ya faɗi, me ya fito, a waɗannan kwanaki uku?

Ba wani mai ƙin Allah ne ya fara yin wannan tambaya ba. Orijin na Iskandariya, babban malamin ikilisiya a ƙarni na 3, ya yi ta, ya kuma ce mai hankali ba zai ɗauki waɗannan kwanaki a zahirinsu ba. Tsakaninsa da Darwin, Baturen da ya shahara da bayanin juyin halitta, akwai shekara wajen 1,600. Na fara da shi ne don in rufe bakin masu cewa duk wanda ya taɓa wannan batu kimiyyar Turawa ce ta ruɗe shi.

Ni Kirista ne, kuma kimiyya nake koyarwa. Ra'ayina shi ne hujjojin da ake kawowa a kan karatun zahiri na labarin halitta hujjoji ne masu ƙarfi, yawancinsu daidai ne, kuma ɓoye su ga matasanmu zalunci ne. Ina faɗin haka ne da nauyi a zuciyata, don na san mutane nagari da wannan magana za ta yi wa zafi.

Kafin a kai ga duwatsu da taurari, littafin da kansa yana da abin faɗa. Daga sura ta 2 aya ta 4 wani labarin halitta ne ya sake farawa, kuma jerinsa dabam. A nan ƙasa busasshiya ce, ba tsiro ko ɗaya, don ba a yi ruwa ba tukuna, ba kuma mai noma. Sai Ubangiji Allah ya siffata mutum daga ƙura. Bayan haka ya dasa gona, itatuwa suka fito. Daga nan ya ce bai kyautu mutumin ya zauna shi kaɗai ba, sai ya siffata dabbobi da tsuntsaye ya kawo masa ya raɗa musu suna. Da ba a sami mataimakin da ya dace da shi a cikinsu ba, sai aka yi mace daga haƙarƙarinsa. Ke nan mutum, itatuwa, dabbobi, sannan mace. A sura ta 1 kuwa itatuwa ne, tsuntsaye, dabbobi, sannan namiji da mace tare a ƙarshe. Akwai masu cewa ai dabbobin an riga an yi su, kawo su kawai aka yi. Amma ka duba yadda labarin yake tafiya: kaɗaicin mutumin ne dalilin yin dabbobin. In ka cire wannan dalili, labarin ya rasa ƙashin bayansa.

Wanda ya ajiye waɗannan labarai biyu kafaɗa da kafaɗa ba makaho ba ne. Ya ga bambancin, ya bar shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini cewa ba jerin abin da ya faru daki-daki yake ƙoƙarin ba mu ba.

Idan aka gwada jerin sura ta 1 da abin da ake tonowa daga ƙasa, nan ma ba su haɗu ba. Itatuwa masu fure da 'ya'ya sun bayyana ne wajen shekara miliyan 130 da suka wuce, alhali kifaye suna cikin teku tun sama da shekara miliyan 450. Farawa ta sa tsuntsaye a kwana na biyar, dabbobin tudu a na shida, amma dabbobin tudu sun riga tsuntsaye da nisa, hasali ma daga cikinsu tsuntsaye suka fito. Tun daga 1861 ake tono burbushin wata halitta a Jamus, Archaeopteryx, mai gashin tsuntsu da fukafukai, amma da haƙora a baki da doguwar jela mai ƙashi irin ta dainoso. Rana kuma ta girmi duniya, taurari da yawa sun girmi rana.

Sai batun shekaru. A 1650 Akbishop James Ussher na Armagh ya bi sassalar da ke cikin Tsohon Alkawari yana tara shekaru, ya haɗa da tarihin sarakuna, ya fitar da cewa an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Mutum ne mai ilimi, kuma ya yi aikin da gaske da abin da ke hannunsa. Amma a Gobekli Tepe da ke Turkiyya akwai ginshiƙan dutse da mutane suka sassaƙa wajen shekara 9500 kafin Almasihu, wato sama da shekara 5,000 kafin ranar da Ussher ya ce an yi duniya.

Ina so in tsaya kaɗan a kan yadda ake auna shekarun dutse, don mutane da yawa suna zaton kintace ne. Akwai wani ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u da ake kira zakon, sau da yawa bai kai ƙwayar yashi ba. Lokacin da yake daskarewa daga narkakken dutse yakan karɓi yuraniyom cikin jikinsa, amma ba ya karɓar dalma. Shi kuwa yuraniyom a hankali yake rikiɗewa ya koma dalma, da saurin da aka auna a ɗakin gwaji. Saboda haka dalmar da ka samu a cikin zakon bayan daskarewarsa ta taru. Abin da ya fi burge ni shi ne yuraniyom ɗin iri biyu ne. Ɗaya rabinsa yakan rikiɗe cikin shekara biliyan 4.47, ɗayan cikin shekara miliyan 704, kuma kowanne irin dalmarsa dabam. Agogo biyu ke nan a cikin ƙwaya ɗaya, kowanne da saurinsa. In wani abu ya taɓa ƙwayar, agogon biyu za su saɓa, mai binciken ya gane. In sun yi daidai, da wuya a ce dace ne. Zakon da aka samo a Jack Hills na Ostareliya ya nuna shekara biliyan 4.4. Tun 1956 Clair Patterson ya auna dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sama ya sami biliyan 4.55 a matsayin shekarun duniya, kuma awon da aka yi ta yi bayansa bai kauce wa wannan adadi ba sai da ɗan kaɗan.

Wanda bai yarda da yuraniyom ba, ga ƙanƙarar Girinlan. Dusar kowace shekara tana kwanciya a kan ta bara, ta lokacin zafi dabam da ta lokacin sanyi, har ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. An ƙirga har shekara 60,000. Kuma alamar aman wutar dutsen Laki na ƙasar Aisilan, wanda tarihi ya rubuta a 1783, tana nan a shimfiɗar da ƙirgen ya ce ta wannan lokacin ce.

Akan ce ai kwana ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu yake, a jawo 2 Bitrus 3:8. Wannan bai gyara komai ba. Shekara 6,000 ba ta kusa da biliyan 4.5, jerin yana nan a karkace, kuma yanzu itatuwa za su yi shekara dubu suna jiran rana.

Amsar da ta fi damuna ita ce wadda ta fi yaɗuwa: wai Allah ya halicci duniya ne da kamannin tsufa, kamar yadda ya yi Adamu baligi ba jariri ba. Wani Bature masanin halittu, Philip Gosse, ya shimfiɗa wannan ra'ayi a 1857. A sama-sama yana da daɗin ji, don babu awon da zai iya ƙaryata shi. Amma bari mu bi shi har inda ya kai.

Ranar 23 ga Fabrairu 1987 masu duban taurari suka ga wani tauraro ya fashe a wani gungun taurari da ke maƙwabtaka da namu, mai nisan da haske zai yi shekara wajen 168,000 kafin ya ratsa. Tauraron sananne ne, yana cikin hotunan da aka ɗauka a baya, bayan fashewar kuma ya ɓace. Sa'o'i kaɗan kafin a ga hasken, wata na'ura da ke ƙarƙashin ƙasa a Japan ta kama wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino, waɗanda fashewar ta watso, kamar yadda lissafi ya ce za a yi. To in duniya da sammai shekara 6,000 kawai suka yi, wannan haske bai taɓa fitowa daga tauraron ba. An halicce shi ne a kan hanya, ɗauke da cikakken labarin fashewar da ba ta taɓa faruwa ba, ta tauraron da bai taɓa kasancewa ba. Haka nan kashin dainoso, wato najasarsa, da ya daskare ya zama dutse, wanda aka samu a Saskacewan ta Kanada, tsawonsa santimita 44, cike da gutsattsarin ƙasusuwan wani ƙaramin dainoso da aka tauna. Za mu ce an halicci kashin ne haka nan, da abincin da ba a taɓa ci ba a cikinsa? Girman jiki dabam, shaidar abin da bai faru ba dabam. Littafin Ƙidaya 23:19 ya ce Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya. Ba zan iya kare fassarata ta wata aya da hanyar da za ta mai da Mahalicci mai dasa shaidar zur a sama da ƙasa ba. Wannan ne ainihin abin da ya yanke mini hukunci, fiye da duk wani adadi.

Wannan kashin ya kuma taɓo wata matsalar. Farawa 1:30 ta ba dukan dabbobi ganye ne abinci, kuma da yawa suna koyar da cewa babu mutuwa sai bayan zunubin Adamu. Amma dabbobi sun yi ta cin juna, suna ciwo, suna mutuwa, miliyoyin shekaru kafin ɗan Adam ya taka ƙasa.

Inda abin ya fi tsauri ga mai bi shi ne Adamu da Hawwa'u. Nassin kansa ya bar ƙofa a buɗe: bayan Kayinu ya kashe Habila, ya ji tsoron kada duk wanda ya gamu da shi ya kashe shi, ya tafi ƙasar Nod, ya yi aure, ya gina birni. Su wa yake tsoro, wa ya aura, wa zai zauna a birnin? Ilimin ƙwayoyin gado ya ƙara nauyin tambayar. Mutum biyu ba za su iya ɗaukar fiye da nau'i huɗu na kowace ƙwayar gado ba, alhali wasu ƙwayoyin da ke kula da garkuwar jikinmu suna da nau'i dubbai a cikin mutanen yau, kuma shekara 6,000 ba ta isa ta haifar da su ba. An sami ƙasusuwan mutane irinmu a Jebel Irhoud ta Maroko masu shekara wajen 300,000. Ga kuma kuromosom, wato ƙunshin da ƙwayoyin gado suke jere a cikinsa. Mu muna da tagwaye 23, cimfanzi da goggon biri suna da 24. In kakanmu ɗaya ne, dole biyu sun manne a jikinmu, kuma dole a ga tabon. A 1991 aka gan shi: a tsakiyar kuromosom ɗinmu na 2 akwai irin jerin da ake samu a ƙarshen kuromosom, biyu suna fuskantar juna, daidai inda biyun suka haɗu.

Ba na raina wahalar da wannan ke jawowa, don Bulus ya gina hujjarsa a Romawa sura ta 5 a kan Adamu da Almasihu. Kiristoci masu ilimi sun rabu a nan. Wasu suna ganin Adamu mutum ne na tarihi da Allah ya zaɓa daga cikin jama'ar da ke raye, wasu suna ganin hoton dukanmu ne. Ni na fi karkata ga na biyu, domin abin da sura ta 3 ta zana, wato mutum ya san iyaka, ya ƙetare, ya ɓuya, ya ɗora wa wani laifi, ban taɓa haɗuwa da wanda bai aikata shi ba. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam gaba ɗaya, Kirista ne, kuma bai ga dalilin musun abin da ya gani da idonsa ba.

Marubucin Farawa ya yi magana ne da hoton duniyar da mutanen zamaninsa suka sani: rufi mai ƙarfi a bisa, ruwa a samansa, da tagogin da aka buɗe a zamanin Nuhu. Mutanen Babila ma haka suka ɗauka. Bambancin yana wani wuri. Su a wurinsu sama da ƙasa daga gawar wata allahiya aka tsaga su bayan yaƙin alloli, rana da wata kuma abin bauta ne. Shi kuwa ya ce Allah ɗaya ne, ya yi komai da magana, rana da wata fitilu ne kawai da aka rataye don aiki, mutum kuma, namiji da mace, cikin siffar Allah aka yi shi. Wannan saƙo bai dogara da shekarun zakon ba. Agustin na Hippo, babban malamin ikilisiya wanda ya rasu a 430, ya yi kashedi cewa in Kirista ya tsaya gaban wanda ya san sammai da ƙasa yana faɗin shirme da sunan Nassi, mai sauraron zai raina Nassin ne har a kan abubuwan da suka shafi ceto.

Kashedin nan yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, ga masu murnar cewa kimiyya ta tabbatar da Farawa. Wanda ya nuna da lissafi a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, daga baya kuma ya ce yana da mafari, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaitre. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi yana danganta wannan bincike da kiran haske na kwana na farko. Lemaitre bai ji daɗi ba. A ganinsa lissafinsa bai tabbatar da halitta ba, bai kuma ƙaryata ta ba, kuma haɗa su zai cuci kimiyyar ya cuci bangaskiyar. Ya nemi a daina, kuma a jawabin da Paparoman ya yi wa masana taurari a 1952 bai maimaita maganar ba.