Shok ɗin gaban babur yana yoyon mai: inda kuɗin gyaran yake tafiya

Alamar farko zobe ne na mai a jikin farin bututun shok, daidai inda yake nutsewa ya dawo. Ka goge shi da tsumma, ka kama birkin gaba ka danna kan babur ɗin sau biyar ko shida. Idan zoben ya dawo, oyil sil, wato robar da ke tare man shok kada ya fito, ya fara saki. A wannan matakin gyaran ba shi da tsada. Sil ɗin roba ce ƙarama mai zoben sifirin a ciki, kuma tana cikin masu araha a kayan da za a taɓa. Abin da ke kumbura kuɗin shi ne halin da bututun yake ciki ranar da aka kwance shi.

Kafin ma a je ga kwancewa, akwai yoyon da ba na lalacewa ba ne. Da hunturu ƙura tana shiga ƙarƙashin leɓen sil ta ɗage shi, da damina kuma taɓo ya bushe a jikin bututu ya shige ciki. A ɗaga robar ƙura da ke sama, a yanko siririyar roba daga gorar ruwa, a zura ta tsakanin bututu da sil, a zagaya da ita sau ɗaya ana jawo ta sama. Sau da yawa dattin yana fitowa, yoyon ya tsaya, ba a kashe ko sisi ba. In ya dawo bayan kwana biyu, to sai canji.

Idan za a yi ciniki da bakanike, a sa shi ya rarraba kuɗin: sil biyu da robar ƙura biyu, man shok, sai kuɗin hannu. Sil biyu, ko da ƙafar shok ɗaya ce ke yoyo, domin tare suka tsufa, kuma tayar gaba an riga an cire ta. Wanda ya canza ɗaya zai biya kuɗin hannu sau biyu. Kayan Bajaj da TVS daga Indiya suke zuwa, na Jincheng da Haojue daga Sin, don haka farashinsu yana bin dala, musamman tun da aka saki naira a 2023. A tambayi shago biyu ko uku a ranar da za a saya, kada a dogara da farashin watan jiya.

Ana sayen sil da lamba, ba da sunan babur kaɗai ba. A jikinsa akwai lambobi uku, misali 31x43x10.5: faɗin rami, faɗin waje, da kauri, duk a milimita. Mafi sauƙi a ɗauki tsohon a tafi da shi shago. Wanda raminsa ya fi bututu da milimita ɗaya zai zauna lafiya lau a ido, ya zubar da mai tun kafin a bar gareji. Akwai kuma jabu mai taurin leɓe. Latsa shi da yatsa: nagari yana lanƙwasa ya dawo, kuma zoben sifirin ɗinsa ba ya faɗowa da kansa.

Batun mai nan ne aka fi cutar mai babur. Ƙananan babura masu inji 100 zuwa 150cc kowace ƙafa ba ta shan rubu'in lita, ke nan lita ɗaya ta man shok mai lamba 10W ta ishi aikin har da ragi. Amma sai ka ga an ɗebo man inji 20W-50 an ɗura, wani lokaci ma baƙin man da aka juye daga wani injin. Na farko ya yi kauri, shok ɗin zai yi tauri ya riƙa dukan hannu a kan gargada. Na biyu cike yake da garin ƙarfe, shi zai cinye sabon sil ɗin. Awo kuma da sirinji ko kofin awo ake yi, daidai da abin da littafin babur ɗin ya faɗa, ƙafa biyun su zo ɗaya. Mai ya yi yawa, iskar da ke sama ta rasa wuri, sai matsin ya koma kan sil ɗin ya fasa shi.

Aikin kansa awa ɗaya zuwa biyu ne a hannun wanda ya iya. Ana sassauta murfin sama tun bututun yana ɗaure a wuyan babur, a cire taya da madgad, a zare ƙafar, a fitar da babban sifirin ɗin da ke cikin bututu, a juye tsohon mai. A ƙasan ƙafar akwai kusar alanki mai wosha ta tagulla, sai ta fita bututu yake rabuwa da gidansa. Sannan a cire robar ƙura da zoben ƙarfen da ke danne sil, a ɓamɓaro tsohon ba tare da an kwarzane gidan ba, a wanke komai da kananzir. Wajen saka sabo, gefen da ke da rubutu ne a sama, gefen sifirin yana kallon mai. A shafa masa man shok, a rufa leda a bakin bututun don kada kaifinsa ya yanke leɓen. A tura shi da guntun bututun roba na famfo wanda ya yi daidai da shi. Bakaniken da ya ɗauko sukundireba da guduma zai buga sil, a dakatar da shi tun bai fara ba.

Yanzu ga inda kuɗi ke tashi. Kafin a mayar, a bi jikin bututun da farce. Ƙananan ɗigon tsatsa ana iya goge kaifinsu da sanfefa mai laushi, lamba 1000 ko 1200, da ɗan mai. Amma idan farin ya ɓare ko rami ya yi zurfi a wurin da sil ke bi, sil goma za a saka goma za su yage. Haka idan bututun ya lanƙwashe sakamakon karo ko faɗawa rami da kaya: a mirgina shi a kan gilashi, in yana tsalle ya tashi daga aiki. Miƙe shi da ake yi ba ya mayar da shi yadda yake. A nan sai sabon bututu, ko ƙafar gaba ɗaya, kuma kuɗinsa ya ninka na sil sau da yawa. Idan ƙafar tana girgiɗi gaba da baya, bushi, wato zoben da ke tsakanin bututu da gidansa, ya ci ko gidan ya buɗe, shi ma yana cikin lissafi.

Tsumman da 'yan acaɓa ke ɗaurawa a shok don ya shanye mai shi ke kai mutum ga wannan kuɗin. Yana tara yashi, yashin yana gurzar bututu a kowace nutsewa. Man da ya gangara kuma birki yake nufa. Takalmin birki ko fad ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa da fetur, canza shi ake yi. Ƙafar da ta ƙare mai tana buga ƙarfe da ƙarfe, ta cinye tayar gaba ta gefe ɗaya.

Robar nan mai kama da zugazugi da ke rufe bututu, idan ta yage a canza ta a rana ɗaya da sil ɗin, tunda ƙafar tana waje. In aka bari sai daga baya, sai an sake cire taya da ƙafa biyun kafin ta shiga.