Sa sandar makarin rana a ɗakin matuƙin jirgi

Makarin ranar da yawancin ƙananan jirage ke fitowa da shi daga masana'anta a wuri ɗaya yake lilo, ko sama ko ƙasa. Ita kuwa rana ba ta zama wuri ɗaya. Jirgi na ɗan karkata, hasken da ke gaba ya koma tagar gefe, kuma wanda ke saukowa kan titi yana fuskantar yamma da la'asar sakaliya ya san yadda ido ke yaji a daidai lokacin da ya fi bukatar gani. Shi ya sa masu jirage ke kawo mana su, mu makanikan jirgi, don mu sa musu sanda mai lanƙwasa, wadda ke bin saman gilashin gaba ta zagaya zuwa saman tagar gefe. Makarin yana zamewa a kanta, matuƙi ya ja shi inda hasken ya koma ya sake shi, ya tsaya cak. Muna yin wannan aiki a kan masu inji ɗaya irin su Cessna da Piper, da kuma manya irin King Air. Kusan duk wanda ya zo, ga maganar da yake fara yi: ai 'yan notina ne kawai, me zai sa jirgi ya kwana?

Abin da ke sa shi kwana na farko takarda ce. Duk abin da za a ɗaure a jikin jirgi sai yana da izini, kuma kayan kirki irin na kamfanin Rosen suna zuwa ne da shaidar amincewar hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tare da jerin samfuran jiragen da aka yarda a sa su a kai. Muna duba samfurin, mu duba lambar jikin jirgin, domin jirage biyu masu suna ɗaya amma shekarun ƙira daban sukan bambanta a rufi. A Amurka idan gyaran ya shiga sahun manyan sauye-sauye sai an cike fom mai lamba 337, sauran ƙasashe kuma kowace da tsarin hukumarta. Dillalan da ke turo kwali babu takardar shaida, babu zanen aiki, wani lokacin ma maƙalan hagu biyu babu na dama, su ne ke ɓata mana lokaci fiye da aikin kansa. Irin wannan kwali ba ma buɗe ledarsa, komawa yake inda ya fito.

Sai a kashe babban makunni, a cire batir, a rufe allon agoguna da kyalle mai tsabta, a manna tef ɗin takarda a saman gilashin gaba daga ciki. Gilashin ƙananan jirage ba gilashi ba ne, roba ce mai gani, kuma bakin sukundireba ɗaya da ya zame ya isa ya bar mata zanen da matuƙi zai riƙa kallo shekara da shekaru.

Daga nan a sauke silin. Nan ne aikin gaske yake, kuma nan ne masu kwaikwayonmu ke yanke hanya. Su sukan taɓa silin da yatsa, su ji inda ya yi tauri, su kafa injin huda. Amma bayan wannan silin akwai wayoyin fitilar sama, da na lasifika, da wayar eriya, a wasu jiragen har da bututun iskar numfashi da wayoyin ɗumama gilashi. A Cessna masu fiffike a sama akwai bututun shan iska a kusurwoyi biyu, akwai kuma babban ƙarfen da ke haɗa fikafikan biyu ta cikin rufi. Wannan ƙarfe shi ke ɗauke da jirgin a sama, ba a huda shi, ko ramin da bai kai ƙwayar ido ba, sai in zanen da aka amince da shi ya nuna. A jirgin da ake matse iska a cikinsa kuwa, fatar waje ma haramun ce ga bakin huda. Kaya masu kyau an ƙera su ne su hau ramukan tsohon makari, don haka sau da yawa sababbin ramuka kaɗan ne ake bukata, kuma dukkansu a kan ƙananan ƙarafan ciki suke.

Kafin rami ɗaya ya fito, muna ɗora sandar a wurinta da matsi, mu zaunar da mutum a kujerar hagu, wato ta matuƙi. A tura kujera gaba ƙarshe, a dawo da ita baya ƙarshe, a ɗaga ta sama, ya sa abin sauraron kunne. Kansa bai kamata ya taɓa sandar ba ko da iska ta jijjiga jirgi. A buɗe ƙofa, a buɗe tagar gefe, a taɓa kowane makunni na sama. Tsofaffin Piper Cherokee suna da hannun daidaita hancin jirgi a rufi, wanda ake murzawa, kuma dole ya zagaya cikakke makari bai tare shi ba. In komai ya yi, sai a yi alama da alƙalami mai tawada. Ba a zana alminiyam da fensir ko da tsinin ƙarfe, domin bakin fensir yana jawo masa ci irin na tsatsa, tsini kuma yana buɗe wa tsagewa hanya.

Huda kanta tana da ƙa'ida. Daga tsakiyar rami zuwa bakin ƙarfe a bar aƙalla ninki biyu na kaurin abin da zai shiga ramin, ninki biyu da rabi in mai nitsattsen kai ne. Ana sa takunkumi a jikin bakin huda don kada ya wuce kaurin ƙarfen ya faɗa wa abin da ke baya. Ana farawa da ƙaramin baki mai lamba 40, a maƙale sandar da Cleco, wato ƙusar riƙo ta wucin gadi, a sake duba zamanta, sannan a faɗaɗa zuwa girman da zane ya ce. Wani yana riƙe da bakin injin zuƙe ƙura daf da ramin duk tsawon aikin, domin ɓarɓashin alminiyam ɗaya da ya faɗa bayan allon agoguna zai iya haɗa wuta wata rana a sama. Bayan huda a kankare gezar rami ta fuska biyu, a shafa maganin hana ci, a bi da fentin ƙasa, a bar shi ya bushe. Yaran da ke koyo a wajenmu ba sa kusantar jirgi da injin huda sai sun cika gutsuren alminiyam da ramuka, an ɗaga shi a haske an ga kowane rami zagayayye ne ba mai kama da ƙwai ba.

Abin da noti zai kama a baya shi ne ke raba aikin da zai daɗe da wanda zai dawo. Inda hannu ke iya kai wa baya, muna sa mazaunin noti mai kunnuwa biyu, a dasa shi da ribit biyu masu kaurin kashi 3 cikin 32 na inci. Wannan ba ya juyawa har abada. Inda hannu ba ya kai wa, sai mazauni mai zare wanda ake cusawa daga gaba a matse shi ya kumbura ta baya. Shi yana da sauri, amma yana da hali: in ramin ya ɗan yi faɗi ko matsin bai kai ba, ranar da aka zo kwance notin sai ya riƙa juyawa tare da shi, ba ya fita ba ya ɗauruwa. Akwai mai ɗan haƙori a ƙarƙashin kai, wanda ake yanka wa gurbi a bakin rami, shi muke nema. Notin katako ko na kwano da ake murɗawa kai tsaye cikin siririn alminiyam, wanda muke yawan tararwa a jiragen da aka kai wa masu araha, girgizar inji tana cinye ramin cikin 'yan watanni, sai ka ga sanda tana rawa.

Wajen ɗaurewa ba a gama noti ɗaya a koma na biyu. Duka ake sa su sako-sako, a ɗora abin da ke ɗauke da makarin, a tura shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ya cije a lanƙwasa, alama ce maƙali ɗaya ya ja sandar ta murɗe. Maganinsa washa ce siririya a ƙarƙashin maƙalin da ya yi ƙasa, ba ƙarfi ba, ba kuma lanƙwasa sandar a gwiwa ba. Sai a ɗaure daga tsakiya zuwa gefuna da sifana mai auna ƙarfi. Littafin FAA na hanyoyin gyara, AC 43.13-1B, ya ba noti mai lamba 10-32 ƙarfin inci-laba 20 zuwa 25, mai lamba 8-32 kuma 12 zuwa 15, amma in takardar kayan ta faɗi wani adadi, nata ake bi. Ruwan kulle zare irin Loctite ba ma barinsa ya kusanci robar makari ko ta gilashin gaba, yana sa ta tsattsage kamar ƙasar da rana ta busar. A ƙarshe a sa matsayan ƙarshen sanda biyu, a ja makarin da ƙarfi a kansu a tabbata ba zai fice ya faɗa cinyar matuƙi ba.

Kamfas fa, wato na'urar nuna alƙibla. A yawancin ƙananan jirage yana rataye ne a tsakiyar saman gilashin gaba, daidai inda sandar ke wucewa. Noti ɗaya na baƙin ƙarfe a kusa da shi ya isa ya karkatar da shi. Kowane noti da washa da za su zauna a wajen muna gwada su da maganaɗisu, wanda ya manne a ajiye shi, a kawo na tagulla in zane ya yarda. Muna rubuta abin da kamfas ke nunawa kafin aiki, mu sake karantawa bayan aiki, mu kuma zame makarin ta gabansa ido na kan allura. In ta motsa, sai an fitar da jirgin fili an juya shi ta fuskoki goma sha biyu, kowane digiri 30, an sake rubuta katin da ke nuna kuskuren kamfas a kowace fuska. Ƙa'idar da aka ƙera yawancin ƙananan jirage a kanta ba ta yarda kuskuren ya wuce digiri 10 a kowace fuska ba. Mai ciniki ba ya ganin wannan a cikin "'yan notina".

Makarin kansa ma ba a zaɓensa don kyau. Na mota, wanda ba a gani ta cikinsa, yana toshe daidai sararin da wani jirgi zai iya ɓullowa. Mai launin toka shi ne zaɓinmu, domin ba ya sauya launuka: ja da fari na fitilun da ke nuna gangaren sauka, da ja da kore da fari na fitilar da hasumiya ke haskawa in rediyo ya mutu, duk suna nan yadda suke. Wanda aka yi da irin tabarau mai tace ƙyalli yana baƙanta allunan kwamfuta na zamani in an kalle su ta wata kusurwa. Na jabu kuwa, ka ɗaga shi ka kalli layin ƙofar rumfar jirage ta cikinsa, za ka ga layin ya yi igiya, kuma in jirgi ya wuni a rana a rufe sai ya lanƙwashe.

Ƙarfin matsin abin da ke ɗauke da makarin a kan sanda ana saita shi ne yadda yatsu biyu za su iya motsa makarin amma in an bugi rufi da tafin hannu ba zai sauko ba. Ba a sa wa sandar mai ko giris. Mai yana tara ƙura, yana kuma kashe ainihin kamun da ke riƙe makarin.

Sai awo da rubutu. A jirgin da nauyinsa babu kaya bai kai laba 5,000 ba, sauyin laba ɗaya ko ƙasa da haka ana ɗaukarsa ba komai ba, amma duk da haka muna auna abin da aka cire da abin da aka sa, mu gyara jerin kayan jirgi, mu rubuta aikin a littafinsa da lambar kayan da sa hannun injiniya mai lasisi. Mai jirgin kuma muna ba shi kyalle mai laushi, mu gaya masa ruwa da sabulu mara ƙarfi kaɗai za su taɓa makarin, ban da ruwan goge gilashin gida mai amoniya, ban da fetur, ban da goge shi a bushe in ƙura ta hau.