Kafin ya zama daji: shekarun da bakin mahaifa ke ba mu

Ciwon dajin bakin mahaifa ba ya sauka dare ɗaya. Tsakanin lafiyayyen nama da sankara akwai tafiyar shekara 15 zuwa 20 ga mace mai ƙarfin garkuwar jiki, ko 5 zuwa 10 ga wadda garkuwarta ta raunana, kamar mai ɗauke da cutar ƙanjamau da ba ta shan magani. Abin da ke ci mini rai shi ne, a cikin wannan lokaci ana iya ganin matsalar da ido, a kuma kawar da ita cikin 'yan mintuna.

Fatar da ta lulluɓe bakin mahaifa sahu-sahu take, kamar ginin bulo. A can ƙasa akwai wani siririn daɓe, a kansa jariran ƙwayoyin halitta suke zaune, su ne masu hayayyafa. Duk ƙwayar da ta hau sama sai ta manyanta, ta baje, ta daina haihuwa, daga ƙarshe ta zube. Daga cikin mashigar mahaifa kuwa wata irin fata ce daban, sahu ɗaya tak, mai fitar da majina. Bayan balaga da lokacin goyon ciki wannan fatar ta ciki takan leƙo waje, tsamin farji ya sa ta rikiɗe ta koma irin ta waje. Likitoci na ce wa wannan metafilasiya, kuma ba ciwo ba ne. Sai dai wurin rikiɗar nan ɗanye ne, nan ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ke samun gindin zama.

Yawancin mata jikinsu na kore HPV da kansa cikin shekara biyu. Idan ta zauna daram, musamman nau'i na 16 da na 18, masu jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan daji, sai ta saki sinadarai biyu, E6 da E7, su kashe linzamin da ke tsayar da ƙwaya. Daga nan ƙwayoyin sai su riƙa hawa sama ba tare da sun manyanta ba, suna ta hayayyafa. Wannan ita ce disfilasiya. Likitoci na kiran matakanta da suna CIN: in ɓarnar ta tsaya a sulusin ƙasa na kaurin fatar, CIN 1 ke nan, galibi yakan warke da kansa. In ta kai sulusi biyu CIN 2, in ta wuce haka har ta cika kaurin fatar CIN 3. Muddin daɓen nan bai huje ba, ba daji ba ne tukuna. Ba jini, ba wari, ba zafi, shi ya sa mace ba ta da dalilin zargin komai.

Gwaji mafi sauƙi: ma'aikaciyar lafiya ta buɗe gaba da ƙarfen dubawa, ta jiƙa auduga da ruwan khal (vinega) mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5, ta dangwala a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya cif. Wurin da ya lalace yakan yi fari fat mai tsararren gefe. Gaggawar dubawa ko ƙarancin haske na sa a tsallake ciwo, haka kuma bayan shekara 50 wurin rikiɗar yakan janye ciki, sai a koma gwajin HPV ko na Pap, wato a ɗebi ƙwayoyin bakin mahaifa a duba su a ɗakin gwaji.

Idan farin bai wuce kashi uku cikin huɗu na wurin ba, bai kuma shige ciki ba, ana ƙone shi da kan ƙarfe mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30. In ya fi haka, a yanke da zaren lantarki a kai naman ɗakin gwaji, irin aikin da ake turawa Asibitin Koyarwa na Shika da ke Zariya. Bayan aikin, ruwa zai riƙa fita na wasu makonni. A ƙaurace wa shimfiɗa wata guda, kuma nan ne ake buƙatar maigida ya fahimta. A dawo bayan shekara ɗaya.

Mace ta fara gwaji daga shekara 30, mai ƙanjamau daga 25. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuwa akwai allurar rigakafin HPV, wadda Najeriya ta fara bayarwa a Oktoba 2023, sau ɗaya ake yi kuma kyauta. Duk wadda ta ga jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe, ta nufi asibiti a makon.