Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Baffa Ya Ce a Jira

Makon jiya na tsaya ne a arba'in ɗin Abba, ranar da Baffa ya karɓi makullin shagon Kasuwar Barci da takardun gidanmu na Tudun Wada. Daga nan zuwa shigata aji shida na sakandare babu abin da zan ba ku labari. Mun ci, mun sha, Umma ta yi ta ɗinki. Abin da ke cina shi ne ƙarshen shekarar 2013.

Tun ina ƙarama na san abin da nake so in karanta. Bayan masaƙun Kakuri sun rufe, hawan jini ya kama Abba, ni ce 'yar aiken kemis. Ni ke warware 'yar takardar nan da ke cikin kwalin magani, ina haɗa baƙaƙen da ƙyar yana gyara min. Idan rediyo ya kawo labarin Dora Akunyili ta NAFDAC ta sa an ƙona jabun magunguna, sai ya ƙara murya ya ce, "Kin ji ko? Ita ma harhaɗa magunguna ta karanta." Bai taɓa cewa in zama likita ba. Abba famasi yake so, a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Ga KASU, jami'ar jihar Kaduna, nan cikin gari, amma zuciyata tana Zariya.

Malamar Kimistiri ce ta tara mu wata ranar Alhamis bayan an tashi. Ta ce an fara sayar da fom ɗin JAMB, duk mai son famasi ta saya yanzu, kada ta ce sai ta ga sakamakon WAEC, domin hukumar ta yarda a cike a matsayin mai jiran sakamako. Ta rubuta mana darussa huɗu a allo: Turanci, Kimistiri, Fizis, Bayoloji. Ta ja layi biyu ƙarƙashin Fizis, don akwai waɗanda ake cike wa Lissafi a gurbinsa a shagon intanet, shekara ta tafi a banza. Lissafi a WAEC ko NECO ake neman kiredit ɗinsa, shi ne cikon na biyar. Na kwafe komai a bangon littafina, har yau yana cikin akwatina.

Da daddare Umma ta ce in je in faɗa wa Baffa da bakina. Na same shi a zaure bayan Isha'i, na durƙusa na gaishe shi.

"Baffa, dama kuɗin fom ne. Malama ta ce idan aka rufe sai wata shekara."

"Ke, kin ci WAEC ɗin ne?"

"Ba a yi ba tukuna, Baffa. Amma an ce ana iya..."

"Ba a ɗinka wa ɗan da ba a haifa ba riga. A jira sakamako. Tashi ki shiga gida."

Shi ke nan. Kuma a makon nan ya biya wa ɗansa kuɗin koyon tuƙi, daga cinikin shagon ubana. Na san 'yan gidansu suna karanta wannan rubutun. Su tambaye shi in ƙarya na yi.

Iya tana jin mu daga ɗakinta. Da na shiga ina kuka ba ta rarrashe ni ba, ta dai ce, "Da sanyin safiya ake kama fara. Baffanki ya sani, shi ma ɗan ƙauye ne." Washegari ta aika a kira shi, ya ce yana da ɗaurin aure a Rigasa. Iya ba ta da ko sisi a lokacin, Umma kuma ba ta iya tsallake maganar ƙanin miji. Na ga laifin Umma shekaru, sai da na yi aure na sauke mata.

Ƙawayena suka rubuta JAMB da fensir da takarda kafin mu gama WAEC. A watan Yuni na 2014 aka sanar da rasuwar Dora Akunyili, na yi kuka kamar 'yar'uwata ce, don muryar Abba na tuna. Da sakamako ya fito, kiredit biyar ɗin nan duka na same su a zama ɗaya. Na kai wa Baffa takardar, ya juya ta ya ce, "To madalla, yanzu sai a sayi fom ɗin." Wane fom? An rufe tun watanni, har ana jarrabawar tantancewa a jami'o'i. Wadda muke zama benci ɗaya da ita, wadda nake koya wa lissafin Kimistiri, ta tafi Samaru.

Ga abin da jiran nan ya jawo min da ko shi Baffa bai hango ba. Shekarar 2014 ce ta ƙarshe da aka bar mutum ya zaɓi takarda. Daga 2015 kowa sai da kwamfuta. Ni kuwa ban taɓa ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta ba, ta makarantarmu a lulluɓe take a ofis. Fara ta riga ta sha rana, in ji Iya, yanzu sai da gudu.

Shi ya sa da Auta ta shiga aji biyar ban jira kowa ba. A lokacinta abin ya ƙara tsauri, tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, don haka tun hutun ƙarshen shekara na kai ta aka yi mata, na tabbatar sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a ko'ina. Na zaunar da ita muka ƙirga: shekara biyar ko shida a jami'a gwargwadon irin digirin, shekara ɗaya ta horon aiki, shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Na ce mata makin JAMB ba ya kwana, na bana na bana ne, kuma famasi ba a shiga da ɗan abin da ya haura 200 cikin 400, gurbi kaɗan ne masu nema da yawa. Idan ta kuskure, akwai IJMB da ke kai mutum aji biyu kai tsaye, amma kada ta sa shi a gaba. Baffa ya ji labari ya ce ina yi wa yarinya gaggawa. Ban tanka ba, Iya ce ta tanka min daga kabari: da sanyin safiya.

Mu koma 2014. Umma ta sama min aiki a wani kemis a Unguwar Sanusi, daga safe zuwa La'asar. Albashin farko na raba shi uku: kuɗin fom, kuɗin lesin, sauran na shagon intanet inda nake sayen awa ɗaya duk Asabar ina koyon danna amsa. Ranar farko kibiyar nan guduwa take min a allo, yaron shagon ya riƙe hannuna, na fizge, na ce ya nuna min da baki kawai. Tsofaffin tambayoyin JAMB na shekara goma na bi su sau biyu, bayan sallar Asuba, da fitilar caji. Fizis nake fara yi kafin kaina ya gaji, Bayoloji a bayan kanta idan babu masu saye. Daga Janairu na fara sa agogo a gabana, don na gane sani daban, sauri daban.

Ranar da aka buɗe sayar da fom, ni ce ta uku a layin banki. Ban faɗa wa Baffa ba. Na tsaya a kan mai cikewa har sai da na ga Fizis da idona kafin ya tura.

Jarrabawar ta faɗo a watan Maris na 2015, gari ya cika da hayaniyar zaɓe, Umma tana tsoron in fita. Aka tura ni wata cibiya can wajen Kawo, ƙarfe bakwai na safe. Iya ta tashi tun kafin kiran assalatu, ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗin Keke Napep, ta tofa min addu'a a tafin hannu. Ina fita zaure na tarar da Baffa zaune a kan buzunsa da carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni, ya dubi takardar da ke hannuna.

Abin da ya faɗa min, da makin da na samu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.