Godiya bayan baje kolin zane

Alhamdu lillahi, jiya aka sauke hotuna daga bango. Har yanzu da baƙin tawada a farcena, idona kuwa ya yi mako biyu bai ƙoshi da barci ba.

Kun san abin da ya sami farantin zinkin da na zana Ƙofar Doka a kansa don a buga a takarda. Wata guda ina kartar kakin da na shafa masa, da allura nake kartar, komai a juye, hagu a dama, don in an buga ya fito daidai. Laifina ne. Na manta ban rufe bayansa ba, na tsoma shi a asid na tafi Magariba, hira ta riƙe ni. Ko da na dawo ruwan sai kumfa yake, zinkin ya zaizaye, kakin ya ɗago. Saura kwana 3 a buɗe baje kolin. Na zauna a ƙasa, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Baba mai kula da injin bugu, na san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauraye farantin, ya haska shi da tocila, ya ce in jiƙa takarda. Shi ya cusa tawada cikin ramukan, ya goge da tsumma, ya ƙarasa da tafin hannu kamar mai shafa kan jariri. Muna murza injin yake ba ni labarin shahararren mai zane Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a nan Zariya: a 1967 asid ya ɓata masa faranti, ya gyara da gam ɗin Araldite, a nan ya samo salon da ya yi suna da shi. Na ɗaga bargon injin, na ɓare takardar hannuna na rawa, sai ga ganuwa da cin damina a jikinta, abin da allurata ba za ta taɓa iyawa ba. Shi aka fara saya.

Allah ya saka maka da Aljanna, Baba, ya jiƙan mahaifanka, ya raya zuri'arka, ya tsare idonka da hannunka. Inna, da kika ba ni kuɗin adashinki na sayi takarda, Allah ya kai ki Makka. Auta, na gode da kunun dare.

'Yan uwan da suka ce wasan yara nake, kwana 5 ƙofa na buɗe, daga cikin gari zuwa Samaru, inda aka yi baje kolin, kuma ba nisa. Ba komai. Kawu, na ajiye maka bugu na 4, yana wajen Inna.